Jitar Gwanjo

Sunan Fender da ke bisa kan jitar bas shi ne abu mafi sauƙin liƙawa, kuma shi dillalan gwanjo na Legas kan fara nuna mana. Mu kuwa wuyanta muke hange. In ya murɗe, ko kyauta aka ba mu asara ce. Waɗanda aka ƙera kafin 1965, shekarar da CBS ya sayi kamfanin, su ne masu tsadar gaske, ba a kuwa tsintarsu a farashin ɗalibi. Kuɗinmu na karo-karo ne, babu na sakewa. Don haka muka ɗauki wata ƙirar Japan mai tsatsa a maɗaurin tsirkiya, wadda muka ji amonta a ƙirji tun ba a jona ta da lasifika ba.