Rufewa Ta Fi Gogewa

Jama'a, tela mai hankali in an kawo masa rigar yaro ta yi tsawo, ba ya sa mata almakashi. Sai ya kalmashe ta, don ya san baɗi yaro zai ƙara tsayi a warware. To, wannan dabara ita nake bi wajen gyaran hoto a kwamfuta, ita kuwa nake so in gutsura wa 'yan'uwana.

Ni da GIMP nake aiki, watau manhajar nan ta kyauta wadda ta fara fitowa a 1996. A cikinta hoto falle-falle ne, kamar an jera gilasai wani bisa wani, kowane da nasa zane. Photoshop ma tun 1994 take da wannan tsari. In mutum yana son ya kawar da wani abu daga falle, hanya biyu ce. Ko ya ɗauki magogi ya goge, ko kuwa ya yafa wa fallen mayafi. Shi wannan mayafi ba ya taɓa ainihin hoton. Inda ka shafa masa baƙi, wurin ya ɓuya. Inda ka shafa fari, wurin ya bayyana. Ruwan toka kuwa sai ya bar abu dishi-dishi, gwargwadon duhunsa, da shi ake lallaɓa gefen gashi da bakin rawani don kada su fito kamar an datse da reza.

Ga abin da ya sa na ce rufewa ta fi. Wata rana wani dattijo ya kawo mini hoton iyalinsu na Salla, za a buga a kalandar biki. Ya nuna ƙanensa da yatsa, ya ce, "Malam, cire mini wannan." Ashe sun sami saɓani kan gona. Ban ce uffan ba, na sa mayafi, na shafa baƙi, ƙane ya ɓace. Bayan mako guda sai ga dattijo ya komo yana sosa ƙeya, wai manya sun shiga tsakani an shirya, ko akwai yadda za a yi? Na juya buroshi zuwa fari, na shafa, sai ga ƙane tsaye da hularsa. Tun daga ran nan in an ce in cire mutum, rufe shi kurum nake yi, gama fushin 'yan'uwa ba ya daɗewa kamar hoto.

Saura maganar fitarwa, nan ne fa ake asara. Tun 2012 GIMP ta raba ajiya da fitarwa. Ajiya tana ba ka fayil na XCF, wanda ke riƙe da kowane falle da mayafinsa. Fitarwa zuwa PNG ko JPEG kuwa manne su take yi su zama guda, abin da ke ƙarƙashin mayafi ba ya biyo su. Har wa yau su biyun ma da bambanci. PNG yana barin gurbin da aka rufe fayau, ana hango abin da ke bayansa, amma JPEG sai ya cike shi da launi, galibi fari.

In falle ɗaya tak nake bukata, sai in danne maɓallin Shift, in taɓa alamar ido da ke gefensa. Sauran duk su rufe ido, sa'an nan in fitar da shi PNG. Haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunansa, kuma duk da faɗin allon aiki suke fita, don haka in an sake jera su sai kowa ya faɗa gurbinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku ba mai aiki hoton da kuka fitar, amma XCF ya zauna wurinku, ko da an biya an yi sallama. Ajiya maganin wata rana. Haza wasalam.