Ɗigo na Uku

A ajinmu na biyu na ƙaramar sakandare a Gurbin Bore, ba mu da takardar nan mai gida-gida da ake zana giraf a kai. Malamin lissafinmu yakan fitar da mu gindin darbejiya, ya ja layi biyu a ƙasa da sanda, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ya ce na kwance sunansa x, na tsaye y. Tsakuwa ce ɗigonmu.

Ranar da ba na mantawa, ya rubuta y = 2x + 1, ya ce kowa ya tsara jadawali. Idan x sifili ce, y ɗaya ce. Idan x ɗaya ce, y uku. Idan biyu, biyar. Da na zo kan uku sai na ninka na manta ƙarin ɗayan, na rubuta shida maimakon bakwai. Na jera tsakuwoyina, malam ya miƙa zare a kansu, uku suka hau, ta huɗu ta noƙe a ƙasa. Na kai hannu zan tura ta da yatsa, ya riƙe ni.

"Kada ka gyara tsakuwa," in ji shi. "Koma jadawalinka. Can ɓarnar take."

A ranar ya faɗa mana cewa ɗigo biyu sun isa a ja layi miƙaƙƙe, amma ko da kuskure aka samo su, dole zare ya bi ta kansu. Na uku shi ne shaida.

Yau rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ata. A jami'a na karanta cewa sunan aljabra ya fito ne daga littafin Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma René Descartes na Faransa ne ya ɗaura auren aljabra da zane a littafinsa na 1637. Amma duk sanda zan gwada wata manhaja, abin da nake yi bai wuce na gindin darbejiya ba: in jera abin da zan shigar a gefe guda, abin da ya kamata ya fito a ɗaya gefen. In sun saɓa, nakan ji yatsana yana ƙaiƙayin tura tsakuwa, sai in tuna.

A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Maradun, aka rufe makarantu a Zamfara, aka kuma katse layukan waya. Yayata ta kwaso 'ya'yanta daga Gurbin Bore zuwa Ƙauran Namoda, ta kama soya ƙuli-ƙuli. Babbar 'yarta ta yi watanni a gida, da ta koma aji kuma ta tarar an yi mata nisa. Mahaifinta ya fara cewa in karatun ya ƙi, ta zauna ta taya uwarta.

Da na je ganinsu, na same ta da littafi a cinya, ta kwafe jadawali daga allo ba ta san me yake cewa ba.

"Kawu, mi za ni yi da wanga abu?"

Ban ba ta labarin Descartes ba. Na tambayi uwarta nawa take kashewa kullum kan icce da kuɗin babur zuwa kasuwa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ta ce naira 500. Ribar kowane ƙulli, bayan an cire kuɗin gyaɗa? Naira 50. Muka fita tsakar gida, na ja layi biyu da tsinke.

In ba a sayar da ko ɗaya ba, an yi asarar 500: tsakuwa ta sauka ƙasa da layin kwance. In an sayar da biyar, saura 250. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ɗora tsakuwa ta uku a kan layin daidai.

"Goma," ta ce. "Sai Inna ta saida goma kana ta maida kuɗinta."

Uwarta ta ɗago daga kasko ta ce ai ta daɗe da sanin haka. Gaskiya ne, ta sani a jikinta. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne 'yarta ta miƙa zare gaba, ta nuna mata inda ashirin za su faɗa, ribar 500, tun ba a daka gyaɗar ba. Sai a lokacin na rubuta mata y = 50x − 500, ta karanta shi kamar sunan wanda ta sani.

Mahaifinta yana zaune a kan tabarma, bai ce uffan ba. Ni ma ban roƙe shi komai ba. Washegari da asuba, zan kama hanyar Gusau, na ga an share tsakar gidan tas, an bar kusurwa ɗaya. Tsakuwoyin suna nan, an ƙara ta biyar.