Jirgin ƙasan bayan gida

1/ Jama'a ku matso ku ji. Dattijon da nake haya a gidansa a Ingila yana da jirgin ƙasa a lambunsa. Ba na wasan yara ba fa. Kwal yake ci, tururi yake fitarwa, har mutane yake ɗauka. 🧵

2/ Faɗin layin inci 7 da kwata ne, ya zagaye lambun kaf. Da hannunsa ya zuba tsakuwa, ya jera katako, ya ƙera kan jirgin a gareji. Shekara 12 yana abu ɗaya. Da na fara gani cewa na yi, lallai Baturen nan ya rasa aikin yi 😂

3/ Wata rana na ce masa kakana ya yi aikin reluwe a Zariya, shi ke zuba wa jirgi kwal. Sai ya tambaye ni labarin ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, mai faɗin ƙafa 2 da rabi, wanda aka rufe a 1957. Wallahi ban taɓa jin sa ba. Ni Bazazzagi. Kunya kamar in nutse.

4/ Da hannunsa ya fara rawa, sai ya koya mini. Gawayi da kananzir tukuna, sannan kwal, ka jira tururi ya taru. Doka ɗaya ce: idonka kan gilashin ruwa. In ruwa ya yi ƙasa, wuta za ta ci ƙarfen tukunyar.

5/ Ranar da yaran maƙwabta suka hau, ni kuma ina ta ɗaukar bidiyo. Ko da na duba, gilashin wayam. Baba ya yi tsawa, ya zare ƙusar da ke riƙe da murhun, garwashi ya zube kan tsakuwa. Yara tsit.

6/ Bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Sai da aka sake gwada tukunyar da matsin ruwa. Sati uku ban iya haɗa ido da shi ba. Alhamdulillahi ta tsira.

7/ Daren nan na kira Abbana na tambaye shi labarin kaka. Ya ce hannuwansa duk tabon ƙuna ne, har ya rasu ba su ɓace ba. Mun yi awa guda muna hira.

8/ Lahadi ni zan hura wuta. Waya kuwa a ɗaki za ta zauna.