Lokacin da Kowace Murya ke da Wayarta

Sabon Wuse gari ne da ƙaura ta haifa. Bayan dokar 1976 da ta yanki ƙasar babban birnin tarayya, an taso mutanen tsohon Wuse aka ba su matsuguni a nan gefen titin Kaduna, cikin Jihar Neja, ita kuwa tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta ta koma Suleja. Mu da muka yi wayo a garin cikin shekarun 1980 da farkon na 1990 mun same shi da jar ƙasa da sababbin rufin kwano, ga manyan motoci suna wucewa dare da rana zuwa Tafa. Amma idan na waiwaya, kunnena ne ke fara tunawa kafin idona.

Da asuba lasifikar masallaci ce, irin ta ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, an ɗaure ta a kan dogon ƙarfe, tana shan ƙarfi daga amfilifayar Ahuja 'yar Indiya da batirin mota. Da hantsi mai kaset na bakin titi ya saki Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo, mata kuma idan biki ya tashi sai Barmani Choge. Watan azumi kowane shago ya kamo Rediyon Kaduna a mita 49, a ji tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, a ji na Shehu Ɗahiru Bauchi. Duk wannan sauti, idan ka bi shi da ido, za ka ga ta inda ya biyo.

A shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da ba da hayar lasifika na koyi wannan bibiya. Kowa Maigida yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Maulidi, saukar Alƙur'ani, wa'azi, taron siyasa, gasar makarantun Islamiyya, duk ta hannunsa suke bi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace murya da wayarta. Ta mai tafsiri ya ɗaura mata jan ƙyalle, ta mai jan baƙi kore, ta mai sanarwa fari. Idan sauti ya ɗauke ana tsakiyar karatu, ba ya ɗaga murya. Sai ya ce, "Yaro, bi jar nan," ka durƙusa kana jan waya ta cikin yatsunka, tsakanin ƙafafun jama'a, har ka iso inda wani ya taka ta ya tsinke dalma. Kafin a fara taro kuwa yakan zare kan waya ya ɗora masa yatsa. Idan lasifika ta yi gurnani, waya na da rai. Ranar da NEPA ta ɗauke wuta, a kan risho muke gasa ƙarfen liƙi, warin dalma da na kananzir su cika shagon. Naɗe waya ma darasi ne mai zaman kansa, kuma duk yaron da ya naɗe ta a murɗe sai ya warware ya sake, ko da magariba ta yi.

Babban abokin gabarmu shi ne ƙugin nan da ke kwance ƙarƙashin kowace magana, wanda ba ya tashi ba ya sauka. Daga baya na fahimci dalilinsa. Na'ura biyu da tagulla ta haɗa, idan kowacce ta sha wuta ta hanya daban, musamman ɗaya a janareta ɗaya a layin gwamnati, sai ɗan ragowar wuta ya riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti, ita kuwa wutarmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, shi ne abin da kunne ke ji. Maganin Maigida shi ne ya kafa rodi a bayan rumfa, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa a gindinsa, ya ɗaura masa waya. Wani lokaci ƙugin ya kwanta, wani lokaci ya ƙi.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 kayan gwanjo suka fara kwararowa daga kasuwar Alaba ta Legas, har suka iso Suleja. A cikinsu Maigida ya sayo na'urar faifan CD da ta MiniDisc, wadda Sony ta fito da ita a 1992. A bayan kowacce akwai wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu da murfin roba. Da aka zare murfin na CD ɗin sai ga jan haske yana ci a ciki. Yaran unguwa layi suka yi suna leƙe. Wayar da ke shiga ƙofar siririya ce, babu ko silin tagulla a cikinta, zaren roba ne mai ɗaukar haske. Kamfanin Toshiba ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ana ce mata Toslink. An mayar da sauti lambobi, lambobin kuma sun zama ƙyaftawar haske mai saurin da ido ba ya iya rarrabewa, shi ya sa muke ganinsa a tsaye cak.

Abin da ya sa Maigida ya ƙaunaci wannan waya a rana ɗaya shi ne, haske ba ya ɗauko wuta. Na'ura biyu suna magana ba tare da tagulla ta haɗa su ba, don haka ƙugi ya rasa hanyar tsallakawa. Karon farko da muka juya karatu daga faifai zuwa MiniDisc muka saurara, tsakanin aya da aya shiru ne tsit, irin wanda kaset bai taɓa ba mu ba. Ya daɗe da kai a sunkuye, sannan ya ce, "Ikon Allah. Kada wanda ya lanƙwasa mini wayar nan." Yana da gaskiya, domin tana da laulayi. Ba ta son lanƙwasa, ba ta tafiya nesa, da ta wuce mita 5 zuwa 10 ta fara gardama, ƙurar hunturu kuma idan ta zauna mata a baki sai an goge. Murafan nan na roba a cikin gwangwanin madara yake ajiye su, kuma ya san adadinsu.

Lokacin da waƙoƙin fina-finan Kano suka cika gari bayan fim ɗin Sangaya, samari suka fara buɗe ƙananan situdiyo da fiyanon Yamaha, ana buga waƙar bege da ta amarya da ta 'yan takara. A nan muka haɗu da ƙanwar wannan waya. Kamfanin Alesis na Amurka ya fito da rakodar ADAT a farkon shekarun 1990, mai ɗaukar layi 8 na sauti a kan kaset ɗin bidiyo. Rakodar ta shuɗe, amma tsarinta na tura murya 8 ta zare ɗaya na haske ya zauna a bayan miksa da akwatunan makirufo har yau. Ga mutumin da ya saba ɗaura ƙyalle a kowace waya, wannan ne karon farko da muryoyi suka cuɗu a hanya ɗaya ba tare da sun dame ba. Duk da haka kana iya kama wayar ka ce daga nan ta fito, can ta nufa, ka zare ta ka ga ko hasken yana ci.

Ɗan 'yar'uwata yanzu shi ke wannan sana'a, yana haɗa sauti a ɗakunan taro da masallatai tsakanin Suleja da Abuja. Kwanakin baya na bi shi wani aiki inda masu wurin ke da tsohon akwatin makirufo mai ƙofar haske, lafiyarsa ƙalau, ba sa son yar da shi, amma sabon tsarin duk a kan wayar kwamfuta yake. Sunan tsarin Dante, na kamfanin Audinate na Ostireliya, ya fito a 2006. Akwai kuma ƙa'idar AES67 ta 2013 da ke sa tsare-tsaren kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Sauti ana yanka shi ƙananan ƙunshi, kowanne da adireshinsa, a tura ta irin wayar da ke kai intanet ofis-ofis. Waya ɗaya tana tafiya mita 100 kafin ta nemi akwatin rarrabawa, tana ɗauke da ɗaruruwan muryoyi, jinkirin kuma bai cika wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Haɗa tsoho da sabo akwatin gada ne ke yinsa, haske ya shiga ta gefe guda, wayar kwamfuta ta fita ta ɗayan. Kowace ƙofar ADAT tana ba da layi 8 idan ana auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, idan aka ninka awon sai su koma 4. Ya soka waya, ya buɗe kwamfuta, layukan suka bayyana ya raɗa musu suna. Sai dai da aka gwada, can ƙasa-ƙasa ana jin ƙas, a jima a sake jin ƙas. Ni da tsohon hali har na fara lalube waya. Ya ce, "Kawu, ba waya ba ce, agogo ne. Sahu ɗaya ba ya bin liman biyu." Kowace na'urar lambobi tana da agogonta na ciki da take ƙirga awo da shi, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai wa daida. Ko dai tsohon akwatin ya bi agogon sabon tsari ta wayar haske mai komowa, ko ta wayar agogo ta musamman, ko kuma a naɗa shi jagora kowa ya bi shi. Ya juya maɓalli ɗaya a bayan akwatin, ƙas ɗin ya ɓace. Na'urar CD kuwa, da take awo sau 44,100 kuma ba ta san bin kowa ba, sai an sa mata gada mai sauya awo. Talabijin ma, idan za a haɗa ta da gadar, sai an shiga saitinta an mayar da sautinta tsarin PCM, in ba haka ba shiru za a ji ko shuuu.

Ban raina wannan aiki ba, ko kaɗan. Murya tana isa sahun ƙarshe da ɓangaren mata tas, babu ƙugi, babu wanda zai yi tuntuɓe da damin wayoyi. Dattawan da kunnensu ya yi nauyi sun fi kowa cin moriyarsa. Abin da nake kewa shi ne taron da ake yi kafin taro. A da, haɗa lasifikar maulidi aikin yini ne. Tun azahar ake turo kaya a kura, wani ya hau bishiya ya ɗaura lasifika, wani ya haƙa ramin rodi, yara su yi jerin gwano da waya a kafaɗa, daga cikin gida a aiko da kunun zaƙi da ƙosai. Yaron da ya fara da riƙe tsani, kafin shekara ta zagayo ya san liƙi, ya san muryar amfilifayar da ke shirin ƙonewa. Sana'ar a fili take, duk mai ido yana ɗiba. Yau mutum biyu da kwamfuta sun gama kafin la'asar, kuma yaron da ya tsaya yana kallo ba abin da zai gani sai baƙin allo da ƙananan alamu masu launin kore. Na faɗa wa ɗan 'yar'uwata ya riƙa juya allon wajen yaran yana yi musu bayani, ya kuma yi mini alkawari.

Maigida ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Shagon yanzu na masu cajin waya ne da tura waƙa a memori. Yaransa mun watsu: wani yana kafa sola a ƙauyukan hanyar Bwari, wani yana gyaran wayar hannu a Suleja, wani ya koma noma a Ijah. Duk Sallah mukan haɗu bayan an sauko daga Idi, kuma ba a tashi sai an tayar da tsohuwar gardamar nan, ko a kaset muryar Shata ta fi daɗi ko a faifai. Mai sola yana bayan faifai, hujjarsa ita ce kalangun yana fita ɗaya-ɗaya. Ni da manomin muna bayan kaset, kuma bana mun janyo mai gyaran waya ɓangarenmu.