Alamar Ruwa a Bangon Wani Gida a Suleja

Da daddare Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yara su ji. "Auta, ka zo Suleja gobe. Na ba da kafin alƙalami, amma zuciyata ta ƙi kwanciya." Shekara 19 ke nan tana aikin jinya a Abuja tana zaman haya a Suleja, kuma tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da marayu huɗu. Kuɗin adashinta da na gonar gado da ta sayar, duk ta haɗa za ta zuba a gida guda. Ban tsaya tambaya ba. Ana idar da sallar asuba na nufi tasha a Kaduna.

Watan Agusta ne, hadari ya rako mu tun daga Rijana har Jere. Muka kutsa ta tsakanin tirelolin Tafa, muka wuce mahaɗar Dikko, kafin hantsi ya dubi ludayi na sauka. Duk wanda ya daɗe bai zo garin nan ba zai riƙe baki. Inda na sani da gonaki da kurmi ya zama kwano a jikin kwano, gini ya hau tudu, ya gangara kwari, har ya tsoma ƙafa a bakin rafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanin Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a Abuja a 1991, kuma tun daga nan duk ma'aikacin da hayar birni ta fi ƙarfinsa nan yake gangarowa. Rusau ɗin zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara turo jama'a. Suleja ta ba da sunanta, ta kuma ɗauki nauyin waɗanda sabon birnin ba shi da wurin kwanansu. Inda neman muhalli ya kai haka, ko hanyar ruwa sai an yanka an sayar.

Gidan yana wata unguwa da ke gangarawa zuwa kogin Iku. Ɗaki uku da falo, zaure, rijiya a tsakar gida, ga bishiyar mangwaro. Gidan gado ne, magada shida ke son a sayar a raba. Yaya ta taya miliyan 13, aka ce albarka, ta ƙara har 15 aka sallama, ta ajiye miliyan 1 a gaban shaidu biyu. A watan Maris ta fara ganin gidan, lokacin da rafi ya ƙafe, yara na ƙwallo a cikinsa. Abin da ya tayar mata da hankali wata magana ce da mai sayar da ƙosai ta yi mata a bakin layi: "Hajiya, ke ce za ki shiga gidan nan? To, Allah ya tsare ku da damina."

Muka ɗauko wani dattijon magini da Yaya ta sani. Bai ce uffan ba da muka shiga. Ya dubi dokin ƙofar zaure, wanda aka ɗaga da jeri biyu na bulo har sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya tsallaka. Ya dubi soket ɗin wuta, duk an mayar da su sama daidai ƙirji, ga tabon tsofaffin ramukansu a ƙasa an toshe da siminti. Sannan ya ciro makulli daga aljihu ya kankare sabon fentin falo. Fentin ya ɓare kamar ɓawon albasa, sai ga wani layi ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya, daidai ƙugun Yaya. Ya bi shi ɗaki-ɗaki, ko'ina yana nan a tsayi guda. Daga ƙasansa filasta ta yi laushi, in ka murza sai ta zube kamar gari.

Dillalin gidan ya yi ta rantsuwa cewa shigar ruwan tsohon zance ne, sau ɗaya aka yi. Ya ƙara da cewa akwai wani daga Abuja da kuɗinsa a hannu, jiran Hajiya kawai ake yi. Ban ga laifinsa duka ba, la'adarsa na rataye da faɗuwar cinikin. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka na tsallaka gidan maƙwabta. Wata tsohuwa ta shigar da ni ɗakinta. Ƙafafun gadonta huɗu kowace na kan bulo, buhun masara na kan tebur, takardun makarantar jikokinta na cikin leda a rataye a ƙusa kusa da silin. "Ɗan nan," in ji ta, "in aka fara ruwan dare ba ma barci, zama muke muna sauraren rafi." Ta tuna mini ambaliyar watan Yulin 2017, wadda ta ci rayuka a garin, ta rushe gidaje a Checheniya da Kantoma da Hayin Nasarawa. Ta ce a nasu layin ba a rasa rai ba, amma ba shi ne karo na ƙarshe da ruwa ya shigo musu ba.

Bayan azahar muka zauna a gindin mangwaro. Nan ne na ga yadda ciniki ke ɗaure mutum. Yaya ta riga ta raba ɗakunan a zuciyarta: wannan na 'yan mata, wancan na Abba, nan za ta ɗaure akuya. Ta ce, "Baba, in an rage mini kuɗi, ba za a iya gyarawa ba?" Magini ya lissafa mata da yatsu: kwanon da ke yoyo yana da farashi, tsagewar katanga tana da farashi, sabuwar filasta da ɗaga daɓe duk zai iya faɗa mata kuɗinsu kafin magariba. Sai ya nuna tudun da ke bayan unguwar. "Amma wannan, Hajiya, duk ruwan da ya sauka a can ta nan zai bi. An gine masa hanya, lambatu ya cika da shara. Ba ni da farashin wannan."

Babban magajin ya iso da la'asar, mutum mai kamala, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da aka nuna masa layin bai musa ba, ya sunkuyar da kai ya ce ƙannensa ne suka sa aka yi fentin. Nan take ya yi tayin rage miliyan 2. Na ga fuskar Yaya ta yi haske, ni kuwa gabana ya faɗi. Ragin da ya zo da sauri haka ba rangwame ba ne, kuɗin karɓar wahalar wani ne. Miliyan 2 za ta sayi siminti, ba za ta sa mai aikin dare a asibiti ta natsu ba alhali 'ya'yanta na kwance a hanyar ruwa.

Ga kuma batun takarda. Abin da ke hannun magada yarjejeniyar saye ce mai sa hannun mai unguwa, babu takardar mallaka ta gwamnati. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma a Neja hukumar NIGIS ce ke rajistarsu. Dubban gidaje a Suleja haka suke, ana kuma zaune lafiya. Amma gida a bakin rafi, ranar da hukuma ta tashi buɗe hanyar ruwa, mai irin wannan takarda ba shi da bakin magana sosai.

Abin da ya rage shi ne miliyan 1 da ta riga ta fita, kuma takardar da aka rubuta ba ta ce komai ba game da fasa ciniki. Muka je wurin limamin unguwa, magajin da kansa ya ba da shawarar haka. Malam ya saurari kowa, sannan ya ce a fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Ya ce malamai sun bambanta gida da sauran kaya: ƙaramin aibi ba ya warware ciniki, sai dai a rage kuɗi gwargwadonsa, amma aibin da ake jin tsoron gidan saboda shi yana ba mai saye damar mayarwa. Ya ƙara da cewa Imamu Malik bai yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don an fasa ba. Sai ya juya ga Yaya: "Hajiya, zaɓi naki ne."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Malam, na fasa. Alhaji, ka yafe mini ɓata muku lokaci." Magajin ya ce shi ne ya kamata ya nemi gafara. An riga an taɓa kuɗin wajen biyan bashin mamaci, don haka aka rubuta sabuwar takarda: dubu 600 a wannan makon, sauran bayan wata biyu. Na roƙe shi abu guda, duk wanda zai zo bayanmu a nuna masa layin nan. Ya ce in sha Allahu. Dillali ya tafi ba sallama.

A gidan hayarta na kwana. Wajen ƙarfe 2 na dare ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, na ji ta tashi ta leƙa ɗakin yara, ta dawo ta kwanta. Ƙarfe 5 ta fito cikin fararen kayan aiki, muka taka tare zuwa bakin titi inda motocin Abuja ke lodi. Kafin ta shiga ta ce an yi mata zancen wani fili a kan tudu wajen Kwamba, ba gini a kai, kuma ta gaya wa mai shi ba za ta taya ba sai ta je ta tsaya a wurin ana tsakiyar ruwa.