Dokokin indisis: a koya wa ɗalibi dalili kafin hadda

Ban san wani babi a lissafin sakandare da ɗalibai suke haddacewa da ƙwazo, su kuma manta da sauri, kamar babin indisis ba. Ina nufin darasin ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar babba, kamar a 2³, da dokokin da ke tafe da ita. Duk shekara ina karɓar sababbin ɗalibai a jami'a waɗanda suka ci lissafi a WAEC ko NECO. Da yawansu suna iya rera dokokin babu gargada, amma idan na tambayi dalilin da ya sa 5⁰ ya zama 1, sai aji ya yi tsit.

Alhali babu wani sirri a ciki. Lambar kafaɗa ƙidaya ce kawai, tana faɗin guda nawa na babbar lambar za a jera a ninka da juna. Ma'anar 2³ ita ce 2 sau 2 sau 2, wato 8. Wanda ya ce 6 ya ninka babbar da ƙaramar ne, bai fahimci aikin ƙaramar ba. Wanda kuwa ya riƙe wannan ma'ana, dokokin za su zo masa da kansu. A ninka 2³ da 2⁴: ga biyu-biyu guda uku, ga wasu guda huɗu, an sami guda bakwai, wato 2⁷. A gwada a gani, 8 sau 16 ya ba da 128. Dokar tara lambobin kafaɗa ke nan.

Batun sifili ma haka yake. Nakan sa ɗalibaina su sauko tsani: 5³ shi ne 125, 5² shi ne 25, 5¹ shi ne 5. A kowane mataki ana rabawa da 5 ne. To, me ke mataki na gaba? Su da kansu suke cewa 1. Idan aka ƙara sauka, sai a sami ɗaya bisa biyar, wato 5⁻¹. Saiwa kuma komawa baya ce: wace lamba aka ninka da kanta ta ba da 9? Idan aka ɗora rabi a kafaɗar 9, aka ninka abin da kansa, rabi da rabi sun zama ɗaya, an dawo kan 9. Ashe rabi a kafaɗa saiwa yake nufi, amsar kuwa 3 ce.

Wannan ilimi ya daɗe. Arkimidis, masanin Girka, ya yi amfani da dokar tarawa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, lokacin da yake ƙiyasta yawan ƙwayoyin yashin da za su cika sararin duniya. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara da zance zalla, yana kiran lambar da aka ninka da kanta "mal", wato dukiya, asalinta kuma "jizr", wato saiwa. Salon ɗora ƙaramar lamba a kafaɗa ya yaɗu ne bayan littafin Dekat na Faransa a 1637. Tunanin ya riga alamar da ƙarnuka, amma a azuzuwanmu alamar ake fara ba yaro, tunanin kuwa sau da yawa ba ya zuwa.

Asarar ba ta tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Dillalin filaye ya san fuloti mai ƙafa 100 ta kowane gefe ya ninka mai ƙafa 50 sau huɗu, domin murabba'in ƙafa 10,000 ne a kan 2,500. Mai sayen da ya zaci ninki biyu ne ya shiga ciniki da ido rufe. Haka nan, a ƙaddara farashin mudun hatsi yana tashi da kashi 25 cikin 100 duk shekara. Mai tarawa zai ce ƙarin shekara uku kashi 75 ne. Amma naira 1,000 za ta koma 1,250, sannan kusan 1,563, sannan kusan 1,953, ta kusa ninkawa ke nan. Ma'aikacin da bai gane haka ba, ba zai san abin da albashinsa ya rasa ba.

Na san halin da malaman sakandare suke ciki: aji ya cika maƙil, manhaja tana da tsawo, jarrabawa tana tafe. Duk da haka, roƙona gare su ƙarami ne. Kafin a rubuta doka a allo, a ba yara minti goma su warware 2³ sau 2⁴ da hannunsu, su ƙirga, su faɗi abin da suka gani, ko da Hausa ne. Ku kuma ɗalibai, duk dokar da aka ba ku, ku gwada ta da ƙananan lambobi kafin ku haddace. Idan hadda ta kufce a ranar jarrabawa, wanda ya san dalili zai sake gina dokar a gefen takardarsa.