Karen da Ba Ya Cewa A'a

Mu da ke horar da karnukan Labrador a tafkunan Ingila mun fi su tsoron ruwa. Kakanninsu masunta suka yi wa aiki a Newfoundland ta Kanada, suna kamo kifin da ya kuɓuce cikin ruwan sanyi, shi ya sa ba sa ja da baya.

Ba ma tura kwikwiyo cikin zurfi. A bakin gaɓa muke farawa, inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Muna cire masa abin wuya, kada reshe ya maƙale shi. In ruwa ya yi kore da gansakuka ko yana gudu, ba ma jefa komai.

Duk abin da muka jefa zai bi, ko da zai halaka. Don haka sai mun duba ruwan kafin mu ɗaga hannu.